Tsoro ko Hauka? Tarken Fim ɗin Ikimono no Kiroku na Akira Kurosawa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1955 Akira Kurosawa ya fitar da Ikimono no Kiroku, wato tarihin wani mai rai. Shekara goma ke nan da jefa bama-baman Hiroshima da Nagasaki, kuma shekara guda da gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris 1954, wanda tokarsa ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan mai ɗauke da mutum 23. Wannan maƙala tana ganin cewa ƙarfin fim ɗin yana cikin gida ne, a wajen tambayar wa ke da ikon kiran tsoron maigida hauka.

2.0 Jigo da warwararsa

Tauraron shi ne Kiichi Nakajima, dattijo mai masana'antar narka ƙarfe, wanda ya ƙudurta kwashe iyalinsa kaf, har da matan da ya ajiye a waje da 'ya'yansu, ya koma da su Barazil. 'Ya'yansa suka kai shi kotun iyali suna neman a hana shi taɓa dukiyarsa, kotu kuwa ta biya musu bukata.

Manazarcin da ya tashi a Azare ko Katagum ba ya bukatar dogon bayani a nan. Tsarin gandu ne sak: uba ke riƙe da gona da rumbu, 'ya'ya na aiki ƙarƙashinsa suna jiran gado. Hukuncin kotun ma ya yi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira hajru, wato hana safihi sarrafa dukiyarsa. Sai dai safihi almubazzari ne, Nakajima kuwa ceton rai yake nema da kuɗinsa. Wannan ne ya hana Harada, likitan haƙorin da ke cikin masu sasantawa, samun barci bayan ya sa hannu.

Hausa ta bambanta tsoro da fargaba da zullumi. Tsoro na abin da ke gaban mutum ne, zullumi kuwa na abin da bai iso ba. Sunan da aka ba fim ɗin a Turanci ya tsaya a kan tsoro kawai, alhali abin da ke cin dattijon zullumi ne. Ba a nuna fashewar bam ko sau ɗaya ba. Zafi ake gani, da gumi, da mafici a hannun kowa. Da ƙarar jirgin sama da walƙiya suka haɗu, sai tsohon ya faɗa kan jaririnsa ya rufe shi da jikinsa. Wannan fitowa ta fi duk jawaban Harada isar da saƙo, domin jawaban kan maimaita abin da ido ya riga ya gani. Nan ne raunin fim ɗin.

Kurosawa bai wanke kowa ba. 'Ya'yan masu kwaɗayi ne, amma uban ma mai danniya ne. Da ya cinna wa masana'antar wuta don ya raba su da abin da ke riƙe su, ma'aikatansa suka tambaye shi makomarsu, sai ta bayyana cewa bai taɓa lissafawa da su ba. Toshiro Mifune, mai shekara 35, ya ɗauki wannan tsufa da jikinsa duka, ko da yake kwalliyar fuskar takan tona kanta.

3.0 Zullumin a ƙasar Hausa

Shekara biyar bayan fim ɗin, ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Hamadar Sahara, inda iskar hunturu ke tasowa. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairu 1961. Abin da ƙasa ta yi aka kira shi kishi, kotun Tokyo ta kira shi taɓin hankali a wajen mutum ɗaya. Nakajima ya ƙare a asibitin mahaukata, ya dubi rana ta taga, ya ɗauka duniyar da ya baro ce take ci da wuta.