Gwanayen da Suka Zaunar da Birni Kallon Noma

Ba a yi wa manomin lambu wayo da fartanya. Duk wanda ya bi gaɓar kogin Dilimi da rani, ya ga yadda mutanen Jos ke tayar da kabeji da karas da latas da tumatir a 'yar ƙasar da ta rage tsakanin ruwa da gidaje, ya san irin idon da nake nufi. Sunkuyawa ɗaya mutum zai yi su gane ko ya taɓa noma, ko kuwa ɗan birni ne ya ari kayan aiki. To, a garin masu irin wannan ido aka shirya wasan kwaikwayon noma da ya fi kowanne suna a tarihin talabijin ɗin Nijeriya, wato Cock Crow at Dawn, wanda tashar NTA ta fara nunawa a 1980.

Ba a banza aikin ya faɗo Jos ba. Tashar talabijin ta tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, wadda aka buɗe zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ita ta fara watsa hoto mai launi a ƙasar nan, tun kafin gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshi duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Ga ma'aikata da suka san kan injinansu, ga duwatsu da filaye da gonaki da zarar an fita bayan gari, ga sanyin da ke barin mutum ya wuni yana aiki a waje. Da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa noma, wanda ya biyo bayan shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo na 1976, sai aka nemi talabijin ta ja hankalin jama'a zuwa gona. Peter Igho, wanda ya riga ya yi suna da wasan kwaikwayo a tashar Sakkwato, shi ya rubuta labarin, Matt Dadzie na cikin masu ba da umarni, bankin UBA kuma ya ɗauki nauyi. An yi kashi 104.

Don a gane nauyin abin da aka ɗora musu, a dubi abin da takwarorinsu na Amurka ke yi a wannan shekarar. A can manyan tashoshi kan buɗe sabon zango ne da kaka, wajen watan Satumba, su jera kashi ashirin da wani abu har zuwa bazara. Shirin da ya riƙe ƙasar a lokacin shi ne Dallas na tashar CBS, labarin gidan attajiran man fetur na Texas, inda Larry Hagman ke fitowa a matsayin J.R. Ewing, makirin da kowa ke tsana amma ba wanda ke iya kau da kai daga gare shi. Ranar 21 ga Maris 1980 aka rufe zango da harbin J.R., ba a nuna wanda ya yi harbin ba. Mutane suka yi wata takwas suna musu, har ranar 21 ga Nuwamba, da sama da mutum miliyan 80 suka zauna don jin amsar. Marubutan Dallas suna da rijiyoyin mai, da manyan motoci, da cin amanar aure, da bindiga. Abin da aka miƙa wa mutanen Jos kuwa shi ne takin zamani, da ingantaccen iri, da tarakta, da rancen banki. Aka ce su sa mutum ya bar hirar ƙofar gida ya shigo ya kalli wannan, kowane mako.

Dabarar farko da suka yi, ba su ɗauko malamin gona su tsayar da shi gaban kyamara yana karanta wa mutane darasi ba. Sun ɗauko magidanci ne, Bello, wanda zaman birni ya ƙi masa, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye neman abin kai wa baka a gona. George Menta ne Bello, Ene Oloja ce matarsa Zemaye, Sadiq Daba kuma shi ne Bitrus, ɗaya daga cikin yaran gidan. Da zarar an yi haka, kowace shawarar noma ta tashi daga zama sanarwar gwamnati ta koma rigimar cikin gida. A karɓi bashi ko kada a karɓa? Idan damina ta yi gardama, wa zai biya? Matar da ta saba da famfo da lantarki, yaya za ta yi da rafi da aci-bal-bal? Mai kallo ya zo ne don ya ga yadda miji da mata za su kwashe, amma kafin ya tashi ya ji yadda ake neman rance da lokacin da ake zuba taki, bai ma san an koya masa ba.

Sai dai gidan da kowa ya yarda da kowa ba ya haifar da labari. Nan ne aka shigo da Uncle Gaga, dattijon dangi mai kafiya, wanda ke ganin duk wani sabon abu da Bello ya zo da shi raini ne ga na gaba. Marigayi Kasimu Yero, mutumin Zariya, shi aka ba wannan matsayi, kuma a ganina a nan ne ƙashin bayan shirin yake. Hikimar ita ce an ɗauki duk shakkun da ke zuciyar manomi na gaskiya, an zuba su a bakin mutum ɗaya. Tsohon da ya shekara arba'in yana noma da garmar ubansa yana da dalilin da zai sa ya ƙi amincewa da yaron da ya dawo daga birni da takarda a hannu. Da an mayar da Gaga wawa, da an zagi rabin masu kallo, domin kowa na da irinsa a gida. Kasimu bai yi haka ba. Ya ba shi kwarjinin dattijo, da wayon wanda ya san kan mutane, da son zuciya daidai gwargwado, har ya zamana kana jin haushinsa kana kuma jiran fitowarsa. Aikin da Larry Hagman ya yi da hular kaboyi da murmushin mugunta, shi Kasimu ya yi da tsufan aro da kallon raini.

Wanda bai taɓa tsayawa inda ake ɗaukar wasa ba zai ɗauka wannan baiwa ce kawai. Akwai baiwa, amma akwai sana'a a ƙarƙashinta. 'Yan wasanmu na wancan zamani galibi daga dandali ko rediyo suka fito. A dandali sai ka ɗaga murya, ka buɗe hannu, don na layin baya ya san ka fusata. Kyamara kuwa tana iya matsowa har ta cika akwatin da fuskarka, ta yadda ɗaga gira ɗaya ya isa, abin da ya wuce haka ya zama hauragiya. Ɗan wasan da ya ƙware shi ne wanda ya koyi ragewa. Yana kuma wasa ko da ba shi ke magana ba, domin sau da yawa mai tace hoto fuskar mai sauraro yake zaɓa, a kanta ake karanta nauyin maganar da aka faɗa. Kasimu gwani ne a wannan shirun. Waɗanda suka san shi a wasannin Karambana da Magana Jari Ce daga Kaduna sun san yadda yake jinkirta amsa na ɗan lokaci kaɗan, har mai kallo ya matsu, sannan ya sake ta.

Ga kuma wahalar maimaici. Idan kyamara ɗaya ce a fili, fitowa guda sai an ɗauke ta sau da dama: daga nesa don a ga wuri, sannan a matso kan wannan, a juya kan wancan. Dole ɗan wasa ya tuna a kan wace kalma ya ajiye ƙwarya, da wane hannu ya riƙe sanda, ina hularsa ta karkata, ya sake yin haka daidai ko da an yi awa biyu tsakani. In ya kuskure, ranar tacewa hotunan ba za su haɗu ba. Kuma fushin da ya yi a ɗauka ta farko, shi ake so a ta shida, da zafinsa, alhali rana ta take, ga yunwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne fita gona da suka yi. Wasannin da aka saba da su kafin nan, irin su Village Headmaster na Legas, yawanci a cikin ɗakin shiri ake yin su, inda fitila ke hannunka, ƙofa a rufe, ba iska ba ruwa. Wanda ya ce zai yi labarin noma a gona ta gaskiya ya miƙa wuyansa ga damina. Masara ba ta san jadawalin darakta ba. Idan labari ya ce yau ake shuka, to sai ƙasa ta jiƙa. Idan ya ce amfani ya yi kyau, sai an jira ta yi goyo. Fitowar da aka manta ba a ɗauka ba lokacin da shuka ke gwiwa, ba a komawa a same ta bayan mako uku, domin ta kai ƙirji. Saboda haka marubuci sai ya riƙa tunani da kalandar manomi: sharar gona, huɗa, shuka, noman fari, maimai, girbi. Rigimar gidan ma a kan wannan ma'auni ake ɗora ta, bashin da aka ci da bazara ya zo biya da kaka. Shi ya sa labarin ke tafiya a natse, ba gaggawa, mai kallo kuma ya yarda da shi, don haka rayuwar take.

Sararin Filato ma da nasa halin. Da damina hadari kan taso cikin ɗan lokaci ya rufe rana, hasken da aka fara fitowa da shi ya sauya kafin a gama ta. Da hunturu ƙura ke dushe duwatsun da ake so su fito a baya. Mai ɗaukar hoto sai ya zama mai karatun gajimare, ya san lokacin da zai ce a dakata da lokacin da zai ce a yi maza. Mai ɗaukar sauti ya fi kowa shan wuya, kuma shi ne ba a cika tunawa da shi ba. Iskar tudu tana busa makirfo, akuya ta yi kuka a tsakiyar magana mai nauyi, babur ya ratso, yara su taru suna dariya a bayan kyamara. Duk wanda ya ji maganar Bello tar a tsakiyar fili, to wani ne ya tsaya riƙe da sanda sama da kansa har hannunsa ya yi tsami.

Waƙar buɗe shirin, wadda Bongos Ikwue ya rera, ita ma aiki take yi. A lokacin tasha ba ta buɗewa sai da yamma, akwatin talabijin kuma ba kowane gida ke da shi ba. A unguwanni irin su Dilimi da Gangare da Unguwar Rogo, kamar sauran biranen ƙasar, gidan da ke da shi kan cika da yaran maƙwabta. Waƙa mai sanyi da ake ganewa daga sautin farko ita ce mai shela, tana jiyowa ta taga kowa ya san lokaci ya yi. Ƙarshen kowane kashi kuma sai an bar zare ɗaya a sake. Ba su da harbin bindiga irin na Dallas, ba su kuma bukace shi ba. Shawarar da ba a yanke ba, ko baƙon da ya yi sallama ba a san da me ya zo ba, ya isa ya riƙe mutum kwana bakwai, muddin an riga an sa ya damu da mutanen gidan.

Akwai abin da ke ci mini rai game da shirin, ba zan ɓoye ba. Da Turanci aka yi shi, don a gama ƙasa duka da shi, alhali manomin da ake magana a kansa galibi ba ya jin Turanci, ƙauyensa ma ba wuta balle talabijin. Da an yi masa tagwai da Hausa, da ya kai inda bai kai ba. Amma idan aka lura, ɗan birni aka nufa da saƙon, ma'aikacin da kuɗin fetur ya sa ya ɗauki noma aikin wanda ya rasa abin yi. Shi aka nuna wa mutum irinsa, mai iyali da mutunci, yana komawa gona ba tare da ya zama abin tausayi ba. Kuma Turancin nasu mai sauƙi ne, kowa da karin harshen garinsu a bakinsa, kamar dai yadda ake jin sa a kasuwar Taminus ta Jos. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara masa kowace ƙabila, 'yan wasan ma haka aka tara su.

Hannayen da suka koyi aiki a wannan fili ba su tsaya nan ba. Daga Jos ɗin aka kuma fitar da wasan Behind the Clouds a shekarun 1980, da Zack Amata da Franca Brown da MacArthur Fom, Ene Oloja ma tana ciki. Kwalejin Talabijin ta NTA tana garin, haka Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta ta koyon fim, abin da ya sa da finafinan Hausa na bidiyo suka taso, Jos ta shigo da mutanen da suka san haske da sauti da tacewa, irin su Sani Mu'azu. Ene Oloja ta koma Amurka, har ta fito tare da Jodie Foster a fim ɗin The Brave One na 2007. Kasimu Yero ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Sadiq Daba ya daɗe yana aikin jarida da gabatar da shirye-shirye a NTA, sannan ya fito a matsayin Sufeto Waziri a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a 2014, wasan da ya ba shi kambin gwarzon ɗan wasa na Afirka a shekarar da ta biyo. Ya rasu a watan Maris na 2021, shekara arba'in da ɗoriya bayan fara shirin, jaridun da suka ba da labarin rasuwarsa kuma da sunan Bitrus suka gabatar da shi.