Kalmar "yanayi" a bakin masu mulki da gidajen rediyo

Gidajen rediyo suna fassara abin da Faransanci ke kira changement climatique da "canjin yanayi". Fassarar tana da rauni, domin "yanayi" ya haɗa halin sama na yini guda da na shekaru talatin. Saboda haka mai sauraro yakan ɗauki farin damina ɗaya da ɗumamar duniya abu guda.

Jimlar "yanayi ya canja" kuwa ba ta nuna wanda ya canja shi. Hayaƙin masana'antun ƙasashe masu arziki ya ɓace a cikinta, sakacin hukuma ma haka.

Masu mulki sun san nauyin kalma. A 1974 Seyni Kountché ya kafa hujja da wahalar fari wajen kifar da Diori Hamani. A 2005 Mamadou Tandja ya ƙi amincewa da kalmar "yunwa". Haka kuma yawan cewa "hamada na tahowa" ya rufe aikin manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka raya itatuwa a kusan hekta miliyan 5.

Ya kamata masu fassarar labarai su riƙa ambaton tsawon shekarun da ake nufi, da mai alhakin abin.