Kalmar “Ramuwa” Tsakanin Harshe da Hukunci: Nazari a Kan Bikin Mata a Makoɗa

Masu wa’azi da masu fassara sukan ɗauki kalmar “ramuwa” su ɗora ta a kan abin da Larabawa ke kira mu’amala bil misli, wato a yi wa mutum irin abin da ya yi. A ganinmu wannan sakaci ne, domin kalmar ta haɗe abubuwa uku waɗanda shari’a ta bambanta hukuncinsu.

Na farko ramuwar cuta. A nan misli shi ne iyakar da ba a tsallakewa, yafiya kuma ta fi, kamar yadda aya ta 126 ta Suratun Nahli da ta 40 ta Suratush Shura suka nuna. Saboda haka karin maganar nan, “ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi”, bayanin halin mutane ne, ba hujja ba. Na biyu sakayyar alheri. A nan misli shi ne mafi ƙaranci, ƙari kuma abin so ne, kamar a mayar da gaisuwa (Nisa’i, 86). Na uku biyan rance, inda ƙarin da aka sharɗanta yake riba.

A ƙauyukan Makoɗa, manomi yakan je gayyar noman gero a gonar maƙwabcinsa, shi ma a zo tasa. Wannan taimakekeniya ce. Wurin da ke buƙatar nazari shi ne biki: mace ta kai wa ƙawarta kuɗi ranar suna, ita kuwa ta ninka mata ranar aurar da ’yarta. Ramuwar wane aji ce wannan? Malikawa sun san kyautar da ake jiran sakamakonta, hibatus sawabi, kuma sun kusanta ta da ciniki. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta hana ƙari a rance in akwai sharaɗi ko al’ada. To, kuɗin da ake lissafawa, a ninka, a kuma yi gorin wadda ta gaza, ya fi kama da bashi sanye da rigar kyauta.

Malamin da ya ce wa mata “ramuwar alheri sunna ce” bai yi kuskure ba, amma bai warware musu matsalar ba. Wadda ta sayar da akuyarta don gudun gori tana jiran a tantance mata: kyauta ta karɓa, ko rance? Allah ne mafi sani.