Gemun Auduga da Dokin Kara: Nazarin Kayan Tashen Yara a Kiyako

Duk ranar 31 ga Oktoba yara a Amurka da Kanada da Ingila sukan yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alawa. Bikin Halowin ke nan. Asalinsa bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotilan, daga baya ya haɗe da jajibirin ranar waliyyan Kirista ta 1 ga Nuwamba, 'yan ci-rani kuma suka ƙetare da shi Amurka a ƙarni na 19. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wurin 'yan shekara uku zuwa biyar yawon daren ba shi ne babban abu ba. Tun makonni kafin ranar suke zaune a aji suna yanka jemagen takarda, suna manna auduga, suna shafa wa kabewa fenti. Malamansu sun san dalili: hannun da ya saba da almakashi da gam ba ya shan wahalar riƙe fensir.

A Kiyako da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram ba mai yin wannan biki, ba kuma mai bukatarsa. Akwai tashe. Da azumi ya kwana goma, bayan an sha ruwa an yi asham, yara sukan fito ƙungiya-ƙungiya cikin shigar ban dariya, su yi sallama a zaure, su yi wasa, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Ana danganta asalinsa da masu zagaye gari suna tada mutane sahur. Masana sun daɗe suna nazarinsa, Muhammad Balarabe Umar ma littafi guda ya yi mai suna Wasannin Tashe. Sai dai yawancin nazarin kan waƙa da saƙo ya tsaya: wane hali ake zarga, wane ake yabo. Kayan da yaro ya sanya, wa ya haɗa su, da me, wannan an bar shi a baya, alhali a ganina nan ne ƙaramin yaro ya fi samun rabonsa.

A duba Tsoho da Gemu. Kafin a fito da tsohon nan yana dogara sanda yana tari, an yi yini ana aiki. Sai an nemo auduga, ko a faki ido a zaro ta daga tsohon matashin kai. A baza ta, a tsefe, a shafa ƙaro ko ragowar koko a haɓar yaron a manna, in ta ƙi zama a ɗaure da zare ta bayan kunne. A baɗa masa toka a ka da gira. A cusa tsumma a bayansa don ya yi doro, a aro tsohuwar rigar baba wadda ta kai masa ƙasa. Babban yaro ne ke ba da umarni, amma ƙananan su ne masu tsefe auduga, masu riƙe kwanon koko, masu gudu su ɗebo toka a murhu. Ɗan shekara huɗu ba zai haddace waƙar ba, a wurin amshi ma ihu kawai yake bi, amma ya ga yadda yayansa ya rikiɗe ya zama tsoho, kuma da hannunsa a ciki.

Haka Danda Dokin Kara, inda ake ɗaura karare a yi siffar doki, a lulluɓe da tsumma, yaro ya shiga ciki yana sukuwa. Jatau Mai Magani yana bukatar tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle da layun ƙarya, duk sai an tsinto an ɗaure. 'Yan mata kuwa, a Mairama da Daudu, su ke shirya amarya da ango, ɗaya ta sha rawani da gashin baki na gawayi. Ba abu ɗaya a cikin waɗannan da ake zuwa kanti a saya.

Wannan gwaninta ba a wata ɗaya ake koyonta ba, tashe dai shi ne ranar baje koli. Sauran watannin yaran na kan kara da laka. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake motar kara ba ya yi asarar kallo. Yaro zai zaɓi busasshen karan dawa, ya sa haƙori ya ɓare bawon siri-siri, ya ware totuwar gefe. Totuwa ita ce katako, bawon shi ne ƙusa. Ya yanka totuwa daidai-daidai, ya soke wannan da wancan, kafin ka ankara ga jikin mota har da bodi. Taya kuwa a fafe sakaina ko a yanko tsohon silifa. Da kayan nan dai ake tabarau da agogo da keke. Akwai awo a ciki, don in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya mota ba ta tafiya, akwai haƙuri, akwai kuma yanka, don bawon kara kaifi gare shi, shi ya sa manyan kan bar wa ƙananan totuwa, su kuma manyan su riƙe bawon. Yara mata na naɗe sillen kara da ƙyalle su yi 'yartsana, su goya ta. A bakin rafi ko kududdufi kuma ana ta ƙera shanun laka, da ƙaho da tozo. Abin sha'awa, shanun da mutanen zamanin da suka zana a duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda wani masani mai suna Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950, ba su da tozo. Yaran yau saniyar da suke gani Fulani na kora ita suke ƙerawa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Halowin a ɗaure yake da kaka, shi ya sa kullum kabewa ce. Tashe kuwa wata yake bi, kowace shekara azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, sai ya zagaye damina da rani cikin kimanin shekara 33. A 2025 an kama azumi a farkon Maris, kara ya bushe, ga shi jibge a kowane gida. Wanda ya yi tashe cikin Agusta a 2011 kuwa sai dai ya zaro daga danga ko ya koma ga ganye da laka. Ke nan kowane ƙarnin yara sai ya sake dabara da abin da lokacinsa ya ba shi. Ban ga manhajar da ta kai wannan horar da basira ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Katar da Kuwait da Bahrain yara na zagaye gidaje a tsakiyar Ramadan ana ba su alawa da gyaɗa. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan Dodo, wanda ake danganta shigarsa da fataken Hausawa, inda yara ke yin fuskokin dabbobi da ƙwarya cikin watan azumi. Can har gasa ake shirya masa.

To amma kada son al'ada ya rufe mana ido. Ba duk abin da ke cikin tashe ne za a miƙa wa ƙaramin yaro ba. Macukule ba'a ce ga Gwari, a kwaikwayi shigarsa da maganarsa a yi dariya, kuma ko an kira shi wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, ɗan shekara huɗu bai san barkwanci ba, raini kawai zai ɗauka. Tashen gwauro, wanda Nalako ya shahara da shi a Kano, tozarci ne da manya suka yarda da shi a tsakaninsu. Ga yawon dare, ga koyon miƙa hannu a ƙasar da bara ta riga ta zame mata ciwo. A 'yan shekarun nan 'yan sandan Kano sun sha hana tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Matsalar birni ce, ƙauye bai kai nan ba, amma iyaye ko'ina sun fara ɗari-ɗari, wasu malamai ma na ganin wasan na shagaltar da yara a wata mai alfarma.

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe kan yawon ne da wasu waƙoƙi. Ba wanda ya taɓa aikin hannun. Nan ne makaranta ta yi sake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya rainon ƙananan yara cikin ilimin tushe, shi ya sa ake ganin ajin share fage a firamare da dama na Jigawa. Shiga irin ajin, sau da yawa abin da za ka tarar shi ne yara a tabarma suna bin malama da haddar baƙaƙe. In ka tambayi aikin hannu, amsar ita ce ba a kawo kaya ba, wato kwali da fenti da almakashi. A makarantun kuɗi na birni kuma malama ta buɗe waya ta kwafo abin da ta gani, har a kai ga yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba yana manna ta a takarda. Ana jiran mota daga Dutse, ga kara a bayan aji.

Gaskiya karan ma ya fara tsada. Yanzu abincin dabbobi ne, makamashi ne, ana ɗaure shi dami-dami a sayar, maigida ba ya son ganin yara na ɓarnatar da shi. Rimin da ake tsintar audugarsa ya yi ƙaranci, katifar soso ta kori ta auduga. A kasuwannin mako kuma an fara ganin fuskokin roba da bindigogin roba na Sin, masu araha, kuma yaron da aka saya wa ɗaya ba ya komawa neman ƙaro.