Zuri'ar Huey: Aikin Injiniyoyin Da Suka San Inda Za Su Taɓa

A yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, in sojan Amurka ya ji rauni a bakin daga aka turo masa jirgi mai saukar ungulu, a waje ake ɗaure shi. Jirgin da ake da shi, Bell H-13, ɗan ƙarami ne, cikinsa da ƙyar yake ɗaukar matuƙi da wani a gefensa. Sai aka maƙala gadaje biyu bisa ƙafafunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai rauni yana kwance can, iska na dukansa, ba mai iya kai masa hannu har a sauka. Dubban rayuka sun tsira ta wannan hanya, amma hafsoshin soja sun fito daga yaƙin da buƙata bayyananniya: suna son jirgin da za a shigar da marar lafiya cikinsa, ma'aikacin jinya ya zauna kusa da shi, sannan in an gama wannan aiki a loda masa sojoji ko kaya ya kai.

Kamfanoni ashirin suka kawo zane. A 1955 aka zaɓi na kamfanin Bell, kuma a watan Oktoban 1956 jirgin gwaji mai suna XH-40 ya tashi a Fort Worth ta jihar Texas. A cikin watan nan ne mai kamfanin, Lawrence Bell, ya rasu, bai ga abin da jirgin zai zama ba. Sojoji suka sa masa lamba HU-1, daga ita laƙabin Huey ya fito, kuma ko da aka juya lambar ta koma UH-1 a 1962, laƙabin ya riga ya zauna.

Abin da ya ɗaure min kai game da wannan jirgi shi ne yadda aka yi ta sake masa kama har tsawon shekaru sittin da wani abu, ana ƙara masa tsayi, ana canza masa inji, ana ƙara masa fukafukai, amma duk wanda ya san shi in ya hango jikansa zai gane dangi. Ƙera sabon abu gwaninta ce. Gyara abin da yake aiki ba tare da an ɓata shi ba wata gwanintar ce dabam, kuma ita ce ba a cika yabawa ba. A jirgi mai saukar ungulu komai a ɗaure yake da ɗan'uwansa. Ka ƙara ƙarfin inji, akwatin giya ya ce bai iya ɗauka. Ka ƙarfafa akwatin giya, nauyi ya ƙaru. Ka tsawaita fukafukan sama don su ɗaga nauyin, sai su nemi taɓa ƙaramar farfelar da ke wutsiya, dole ka tsawaita wutsiyar, ita kuma ta janye ma'aunin jirgin baya. Injiniyan da zai shiga wannan sarƙa dole ya san inda kowace taɓawa za ta ɓulla.

Sa'ar farko daga inji ta zo. Jiragen da suka gabace shi injin fistan gare su, irin na mota, mai nauyi da girma da yawan karkarwa. Huey kuwa an ɗora masa Lycoming T53, injin da ke aiki kamar na jirgin jet, sai dai maimakon ya tura iska baya, iskar mai zafi tana juya wata sanda ce da ke kai ƙarfi ga farfela. Wanda ya jagoranci ƙera shi Anselm Franz ne, ɗan ƙasar Ostiriya, mutumin da ya ƙera injin Jumo 004 na jiragen jet ɗin Jamus a yaƙin duniya na biyu kafin ya koma Amurka. Nauyin T53 bai wuce kilo 250 ba. Saboda rashin nauyinsa aka iya ɗora shi a sama, bayan sandar farfela, sai cikin jirgin ya zama fili guda shimfiɗaɗɗe, da ƙofa a kowane gefe. Wannan filin shi ne dukiyar Huey. Yau gadajen marasa lafiya, gobe sojoji, jibi buhunan abinci ko akwatunan harsashi, ba tare da an kira bakanike ya kwance komai mai yawa ba. Ƙasa kuma ba taya, sai ƙarafa biyu dogaye da yake zama a kansu: ba abin da zai fashe, ba birkin da zai lalace, kuma suna zama a taɓo ko kan tudu marar daidaito.

Farfelar sama gadon Arthur Young ce, masanin lissafin da ya ƙera wa Bell jiragensa na farko. Fukafukai biyu ne kacal, haɗe da juna, suna lilo a kan sanda: wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. A gicciye da su akwai wata 'yar sanda mai nauyi a kowane baki, tana juyawa tare da su. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya san abu mai juyawa da sauri ba ya son a karkata shi. Haka sandar nan take, tana ƙin bin kowace 'yar girgiza, tana kwantar wa farfela da hankali, matuƙi ya samu sauƙin riƙo. Fukafukan masu faɗi ne da nauyi. Su ke yin ƙarar nan ta fat-fat-fat da ake jiyowa tun jirgin bai bayyana ba, kuma nauyinsu na da wani amfani babba: in inji ya mutu a sama, ba sa saurin tsayawa. Matuƙi zai kwantar da su, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya su, ya tara wannan juyi ya kashe shi a daidai lokacin sauka. Tsarin yana da nasa aibu. In matuƙi ya dunƙufar da hancin jirgin da gaggawa har nauyi ya bar farfela, gindinta na iya dukan sandar da ke riƙe da ita ya karya ta, kuma an yi asarar rayuka kafin a fahimci hakan sosai a sa shi cikin darasin kowane ɗalibin tuƙi.

Biyetnam ce ta zama makarantar jirgin. Ya isa can a 1962 tare da wata ƙaramar rundunar kwasar masu rauni, ta 57, wadda kwamandanta Manjo Charles Kelly ya mutu a bakin aiki ran 1 ga Yulin 1964, lokacin da ya je ɗauko masu rauni ana harbi. Nan aka gane abin da takardar injiniya ba ta cika nunawa ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, ta kan tsauni ma haka; inji ba ya samun isasshiya ya shaƙa, fukafukai ba sa samun abin da za su kama. Jirgin da ya ɗaga kaya lafiya da sanyin safiya sai ya kasa da azahar. Matuƙan jiragen da aka ɗora wa bindigogi da rokoki sun ba da labarin yadda sukan ja jirgin a ƙasa bisa ƙarafansa, yana tsalle-tsalle, wani lokaci ma'aikatan baya na gudu a gefe don rage nauyi, har ya samu gudun da farfela za ta shiga sabuwar iska ta ɗaga, sannan su faɗa ciki.

Amsar Bell ta zo daki-daki. Samfurin B ya samu inji mai ƙarfin doki 960, daga baya 1,100, da fukafukai masu ƙarin faɗi. Samfurin C an yi shi ne domin ɗaukar makamai, da sabon kan farfela da ƙarin mai. Babban sauyi shi ne samfurin D, wanda ya fara tashi a 1961. An ƙara wa gangar jikin santimita 104, an sa manyan ƙofofi masu zamewa, daga bisani faɗin da farfela ke sharewa ya tashi daga mita 13.4 zuwa 14.6, wutsiya ma aka ƙara mata tsayi. Ƙarin da bai fi taku ɗaya da rabi ba, amma ya sa jirgin ɗaukar gadajen marasa lafiya shida ko sojoji fiye da goma. Da irin waɗannan aka yi gumurzun kwarin Ia Drang a Nuwamban 1965, inda aka kai bataliya guda fagen fama ta sama aka yi ta ciyar da ita da harsashi da ruwa ta sama.

Wanda na fi jinjina wa shi ne samfurin H, na 1967. A ido kusan ba shi da bambanci da D. An sa masa inji mai ƙarfin doki 1,400, alhali akwatin giyarsa 1,100 kawai aka yarda ya ɗauka. Mai kallo daga nesa zai ce ɓarna ce, ina amfanin dawakai 300 da ba za a hau ba? Amfaninsu yana fitowa da rana tsaka a kan tsauni. Zafi da tudu za su ci rabonsu daga ƙarfin injin, amma daga rarar nan za su ci, abin da ya rage ya ishi farfela. Ba a sake akwatin giya ba, ba a sake jiki ba, makanikai ba su koma aji ba, kayan gyaran da ke sito ba su zama shara ba. An ƙera fiye da 5,000 na wannan samfuri, kuma shi ne ya fi kowanne yaɗuwa a duniya.

Daga nan zuri'a ta yi rassa. A 1965 injiniyoyin Bell suka ɗauki inji da akwatin giya da farfelar samfurin C, suka yar da faffaɗan jikin, suka sa siriri wanda faɗinsa bai kai mita ɗaya cikakkiya ba, mutum biyu na zaune ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne AH-1 Cobra, jirgin kai farmaki, wanda ya isa fagen yaƙi a 1967, da wuri haka domin rabin aikinsa an riga an gwada shi a jikin Huey. Kanada kuma, mai dazuzzuka da ƙanƙara inda mutuwar inji ɗaya ke nufin halaka, ta nemi mai inji biyu. Kamfanin Pratt & Whitney na Kanada ya haɗa injuna biyu a kan akwatin giya guda, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya riƙe jirgin, aka samu Bell 212, wanda sojojin Amurka suka kira UH-1N. A 1979 aka cire fukafukai biyun nan na Arthur Young aka sa huɗu na sabbin kayan haɗi marasa nauyi. Karkarwa ta ragu, ƙara ta ragu, gudu ya ƙaru, sunan ya zama Bell 412. Kamfanin Agusta ya ƙera 'yan wannan gida a Italiya, Dornier a Jamus, Fuji a Japan, wasu kuma a Taiwan da Indonesiya.

Ba a ce jirgin ba shi da iyaka ba. Cikin kimanin 7,000 da suka yi aiki a Biyetnam, fiye da 3,000 sun salwanta, kuma darasin da aka koya game da jure harbi da kare mutanen ciki in an faɗi ya fi ƙarfin kwaskwarima. Shi ya sa sojin ƙasa na Amurka suka nemi sabon jirgi ɗungurungum, Black Hawk na kamfanin Sikorsky, wanda ya fara aiki a 1979. Sanin lokacin da gyara ya ƙare shi ma cikin sana'ar yake. Sojojin kundumbalar ruwa na Amurka kuwa suka zauna a gidan: UH-1Y ɗinsu, da ya shiga aiki a 2008, yana iya tashi da nauyin da ya haura kilo 8,000, kusan ninki biyu na samfurin H, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan jikinsa iri ɗaya ne da na AH-1Z, jikan Cobra. A cikin jirgin ruwa, inda wurin ajiya ya yi ƙaranci, sito ɗaya da makanikai ɗaya suna hidimar jirage iri biyu.

An ƙera Huey sama da 16,000, kuma da yawa cikin tsofaffin har yanzu suna kashe gobarar daji, suna ɗaga katako, suna ceto a lokacin ambaliya. Najeriya ma ta shiga layin masu amfani da zuri'ar: sojin sama da 'yan sanda suna da Bell 412, a 2022 Amurka ta amince a sayar wa ƙasar AH-1Z guda 12, sannan a watan Yunin 2024 sojin ƙasa suka karɓi UH-1H guda biyu domin sashensu na jiragen sama.