Sabara ba ta jiran Latin

Mun sha gardama kan littafin nan na Adjanohoun da abokan aikinsa, na 1980, wanda ya tattara itatuwan maganin Nijar da Faransanci. Masu yabo sun ce ga shi, kimiyya ta gaskata tsofaffinmu. To, sai da aka kira sabara Guiera senegalensis muka yarda da ita? Kakata a Karofane ta daɗe tana dafa wa mai jego ita.

Kuma fa abin da masu magani suka faɗa littafin ya rubuta, ba gwajin likita ba ne. Wani abokina ya riƙe shi kamar takardar magani, kwana huɗu yana ɗura wa ƙanensa jiƙo, yaro na ta zawo. Ita kakar ce ta ce, "Kai, a tafi likita!"