Jarrabawar Bai-ɗaya da Yaran Hausawa Mazauna Fatakwal, Anacha da Inugu: Sharhi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da iyaye kan kawo wa malamai akwai wannan: idan makin yaro ya yi ƙasa a jarrabawar bai-ɗaya, shin abin tayar da hankali ne? Da jarrabawar bai-ɗaya muna nufin wadda hukuma guda take shiryawa, a ba dukkan yara tambayoyi iri ɗaya, kamar ta shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya da hukumar NECO take gudanarwa, da ta ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, da kuma na WAEC da JAMB. Wannan sharhi ya dubi tambayar ne ta fuskar yaran da suke tasowa a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu. Ra'ayinmu shi ne, damuwar iyaye tana da dalili, amma galibi ba a ajiye ta a muhallinta ba.

2.0 Yanayin Harshe a Waɗannan Unguwanni

Zaman Hausawa a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1950 aka zaɓi Malam Umaru Altine, ɗan asalin ƙasar Sakkwato, a matsayin magajin garin Inugu na farko. Fatauci da kasuwancin dabbobi da kayan gwari su ne suka kafa irin waɗannan unguwanni, waɗanda Ibo suke kira Ama Awusa. Yaron da aka haifa a nan yana jin Hausa a gida, da Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, da harshen Ibo a titin Anacha da Inugu, ko Turancin buroka a Fatakwal. Ingilishin littafi shi ne yake zo masa a ƙarshe, kuma shi kaɗai ne jarrabawa take tambaya da shi.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga bugunta na 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. Ga yaron Kano, waɗannan biyun abu ɗaya ne. Ga yaron Anacha kuwa, harshen uwa Hausa ne, harshen muhalli Ibo, ajin kuma da Ingilishi ake tafiyar da shi. Ke nan tanadin manufar bai taɓa isa gare shi yadda ya kamata ba.

3.0 Me Makin Yake Aunawa?

Mu ɗauki misalin yaron da yake taimakon mahaifinsa a rumfar albasa. Yana iya lissafa kuɗin buhu uku, ya cire abin da aka biya, ya faɗi canji ba tare da alƙalami ba. Idan aka kawo masa wannan lissafi cikin jimla mai tsawo ta Ingilishi, sai ya tsaya cik, ba don bai san ninkawa da ɗebewa ba, sai don bai gane abin da ake nema ba. A takardar sakamako za a rubuta cewa ya faɗi lissafi, alhali karatun Ingilishi ne ya kayar da shi. Wannan shi ne babban aibin irin wannan jarrabawa: tana cuɗa sanin darasi da sanin harshen tambaya, ta fitar da lamba guda.

Bugu da ƙari, makin yana ɗauke da abubuwan da ba su shafi yaro ba sam. Daga watan Agusta na 2021 aka shiga zaman gida na tilas a ranakun Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, wanda ya cinye wa ɗaliban Anacha da Inugu kwanakin karatu masu yawa. Har ila yau, a watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawar. Uban da ya yi wa ɗansa faɗa kafin wannan sanarwa ya hukunta shi ne a kan laifin kwamfuta.

Ko ma'anar makin kanta ba tabbatacciya ba ce. A jadawalin shiga makarantun Gwamnatin Tarayya na 2013, an nemi maki 139 daga ɗan jihar Anambara, da 134 daga ɗan jihar Inugu, yayin da aka nemi maki 4 kacal daga ɗa namiji ɗan jihar Zamfara. Tun da asalin jiha ake dubawa, yara biyu da suka zauna a benci ɗaya a Inugu za a iya auna su da mudu daban-daban. Wanda ya shiga da ƙaramin maki kuma zai tarar da wahalar tana jiran sa a aji.

4.0 Ina Ya Kamata Damuwar Ta Tsaya?

Ba mu ce iyaye su yi watsi da jarrabawa ba. Ita ce ƙofar sakandare da jami'a, kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a waɗannan jarrabobi. Halin yaran da muke magana a kai ya isa ya sa a sake duba wannan hujja, domin su ba da Hausa aka koyar da su ba balle a ɗora wa harshen uwa laifin ƙarancin makinsu. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci, aka kuma ba su ƙwararren malamin Ingilishi, ba su gaza takwarorinsu ba.

Illar tsoron maki a bayyane take. Wani uban zai ƙarar da ribarsa a kan lesin da haddar tsofaffin tambayoyi. Wani zai kai yaro cibiyar da ake sayar da amsa. Wani kuma, kuma shi ne mafi muni, zai yanke cewa yaron ba shi da kan boko, ya cire shi ya ba shi tire ko baro. Idan yarinya ce, sau da yawa karatun ya ƙare ke nan.

Abin da ya cancanci damuwa shi ne: shin yaron da ya kai aji huɗu na firamare yana iya karanta gajeren labari, ya faɗi abin da ya ƙunsa da bakinsa? Idan yana iyawa, ƙarancin maki abu ne mai gyaruwa. Idan ba ya iyawa, ko ya ci jarrabawa akwai matsala.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, kafin malami ya yanke hukunci a kan yaro, ya sa a maimaita masa tambayar da baki cikin Hausa. Idan ya amsa, an gano cewa harshe ne cikas, sai a fuskanci harshen.

Na biyu, makarantun Islamiyya na waɗannan unguwanni, waɗanda iyaye suka riga suka amince da su, su ware lokaci don koyar da karatu da rubutun Hausa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ya fi saurin kama karatu a wani harshe.

Na uku, masu tsara manhaja su tanadi littattafan Ingilishi na matakin farko ga yaron da Hausa ce harshensa amma yake zaune a wajen ƙasar Hausa, a kuma sanya yadda ake koyar da irinsa cikin horon malamai na kwalejojin ilimi na yankin.

Na huɗu, takardar sakamako ta rarrabe tsakanin karatu da fahimta da lissafi, a kuma bayyana wa iyaye ita ta hanyar sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyar iyaye da malamai.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa makin jarrabawar bai-ɗaya yana haɗa ƙwazon yaro da harshen tambaya da kwanakin da ya rasa da kurakuran hukuma. Saboda haka shaida ce guda daga cikin shaidu, wadda ba ta isa a yanke wa yaro hukunci da ita kaɗai ba. Aikin da ke gaban malamai da masu tsara manhaja shi ne su ba iyaye ma'aunin da za su iya gwadawa da kansu a gida, wato a miƙa wa yaro littafi, a saurari karatunsa, a tambaye shi abin da ya fahimta.